"A kori baƙi": an taɓa gwadawa, mu waiwayi abin da ya biyo baya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Kwanan baya na je ɗaurin aure Gummi. Bayan an shafa fatiha mun ci mun sha, muka baje tabarma a ƙofar gida, hira ta gangaro kan zinare, tunda gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024. Wani abokina malamin makaranta ya ɗaga murya ya ce, "Wanga bala'i duk baƙi sunka kawo muna shi. A ba su kwana biyu, kowa shi koma ƙasarsu." Wani dattijo da ke gefe ya dube shi ya ce, "To malam, cikinmu nan wa ad da takardar haihuwa? In an zo tantancewa, da mi za ka raba ni da mutumin Maraɗi?" Aka yi dariya, amma gardama ta yi zafi. Wasu na cewa a kore su, wasu na cewa a yi musu rajista su ci gaba da aikinsu.

Ban ce komai ba a wurin, don ba na son musu a gidan biki. Amma tun daga Gummi har na wuce Anka maganar tana cina. Abin da nake son tunatar da mu shi ne, wannan magani na "a kore su" ba sabo ba ne. An sha shi a Afirka ta Yamma ba sau ɗaya ba, mu kanmu an taɓa ɗura mana shi, kuma tarihi ya ajiye sakamakon.

1969: RANAR DA MU NE BAƘIN

Akwai ƙanin kakana da muke kira Baba Ɗan Gwanja, Allah ya jiƙansa. Na taso na same shi tsoho, yana sayar da goro a faranti, in ya yi fushi sai ya yi faɗa da wani yare da ba mu ji. Sai da na girma na san Asantanci ne. Ya fi shekara 20 a Zangon Kumasi, yana da rumfa, yana da ɗakunan haya, a can ya yi aure, a can aka haifi 'ya'yansa. Hanyar da ya bi tsohuwa ce, hanyar fataken Gwanja, wadda Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro tun zamanin kasuwar Salaga. Bai taɓa jin cewa shi baƙo ne ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama a Ghana, ya same ta cikin kwana 14 ko ya fita. Hujjojin da aka kawo su ne rashin aikin yi, da fasa-ƙwauri, da yawan laifuka. Ku lura da hujjojin nan, za su sake dawowa. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 suka fito, galibi Yarabawa da Hausawa. Baba ya sayar da abin da ya sayu a wulaƙance, ya bar sauran, ya iso gida da akwati ɗaya da yaran da ba su taɓa ganin Zamfara ba. Bai sake miƙewa ba har ya koma ga Allah. Ita kuma Ghana arzikinta bai gyaru ba, a watan Janairun 1972 sojoji suka kifar da Busia.

Duk lokacin da na ji kalmar "baƙin haure", fuskar tsohon nan nake fara gani.

1983: MUKA RAMA

A shekarun 1970 kuɗin mai ya shigo Najeriya, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Mutanen Ghana suka cika makarantunmu suna koyarwa, yayyenmu da suka yi sakandare a tsohuwar jihar Sakkwato za su ba ku labarin malamansu na lissafi da Turanci. Fari na 1973 da 1974 ya koro Buzaye da sauran mutanen Nijar, suka zama masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu shayi, masu haƙar rijiya. A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas, a 1979 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza.

Sai farashin mai ya faɗi. Masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Ga kuma rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda ya ci dubban rayuka, kuma jagoransa Muhammadu Marwa asalinsa mutumin Kamaru ne. Ga zaɓe yana tafe a watan Agustan 1983. Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Daga baya aka ƙara wa ƙwararrun ma'aikata wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 ne suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran 'yan Nijar, Chadi, Kamaru, Togo da Benin. Mutane suka yi cincirindo a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, wasu suka mutu a hanya. Jakar nan da muke zuba kaya har gobe muna ce mata Ghana-mas-go, daga nan ta samo sunanta.

Aikin yi ya samu bayan sun tafi? Bai samu ba, don ba su ne suka karya farashin mai ba. Rikicin 'yan Tatsine ya ƙare? Ya sake ɓarkewa a Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari kuwa ba ta ga ƙarshen shekarar ba, ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe.

Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a watan Afrilun 1984, sannan a 1985 ta sake ba baƙi wajen 700,000 wa'adin fita. A tambayi kanmu: in korar 1983 ta yi aiki, daga ina waɗannan suka fito cikin shekara biyu? Amsar a fili take, da yawa sun tafi sun dawo ta ɓarauniyar hanya, wasu ma ba su tafi ba, ɓuya suka yi. Rufe iyakar ya zo daidai da fari mai tsanani a Nijar, hatsi ya kasa tsallakawa, har yau dattawan can suna kiran yunwar shekarar da sunan "El-Buhari". Sai a 1986 aka buɗe.

WA ZAI CE WANE BAƘO NE?

Tambayar dattijon nan na Gummi ba wasa ba ce. A watan Janairun 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, aka kai shi kan iyaka aka jefa Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da aka je kotu, kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Wannan fa zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Ina ga talakan ƙauyen Bukkuyum wanda ba ya da ko katin zaɓe?

Iyakar da ke tsakaninmu da Nijar Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Ta ratsa ta tsakiyar Gobir da Katsina da Kabi, ta bar Tsibiri da Maraɗi da Ƙonni a can, ta bar mu a nan. Harshe ɗaya, addini ɗaya, tsagar fuska ɗaya. Ita kanta sarautar Zamfara ƙaura ce ta kawo ta Anka, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Ci-rani kuwa ya girmi fasfo: in an gama girbi a tafi nema, in hadari ya taso a koma gona.

Tsarin mulkin 1999 kuma ba ya ba mutum zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a nan. Sashe na 25 ya ɗora abin a kan iyaye ko kakanni. Sashe na 27 ya buɗe ƙofar neman zama ɗan ƙasa ga wanda ya shekara 15, amma takardar sai ta kai teburin shugaban ƙasa. Akwai wani mai shayi ɗan ƙasar Tawa da na sani a Anka tun ina ɗan firamare. Ya auri 'yar gari, ya aurar da 'ya'ya, jikokinsa na makarantar allo da namu. A wurin unguwa shi Baba ne. A wurin doka kuwa, in aka tsananta, mutum ne da ya wuce kwana 90 ɗinsa da shekara talatin da wani abu. In an zo kora, shi za a fara samu, don kowa ya san teburinsa.

2019: AWA 48

Yanzu mu dawo gida. Wajajen 2009 farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukanmu suka koma haƙa, suna kawo dutse cikin gida ana niƙawa a injin hatsi. Dutsen yana ɗauke da dalma. A 2010 gubar ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Likitocin MSF ne suka fara ganowa. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Na kawo wannan ne don mu tuna cewa babbar musiba ta farko da zinare ya jawo mana, rashin tsari ne ya jawo ta, da hannunmu, a tsakar gidajenmu.

Labarin zinare ya bazu, mutane suka shigo. Wanda ya taɓa zuwa wurin haƙa ya san za ka ji Zabarmanci, ka ji Faransanci, ka ga mutanen Nijar da Burkina Faso da Mali, ka ga na Neja da Kebbi da Filato. Wasu leburori ne masu shiga rami, wasu sun iya sarrafa ƙasar da aka riga aka wanke su sake fitar da zinare, wasu dillalai ne masu kuɗi.

Ranar 7 ga Afrilu 2019, da kashe-kashe suka yi ƙamari, muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Adamu ya sanar da dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara, aka ba duk baƙin da ke wuraren haƙa awa 48 su fice. Wato daidai abin da abokina yake nema a yi yau, har da kwana biyun. A 2020 sai ga 'yan sanda sun kama 'yan China biyu suna haƙa a yankin Bukkuyum. A watan Maris 2021 aka hana jirage shawagi a samaniyar jihar. A watan Satumba aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Haƙa ba ta tsaya ba, duk mun sani. Abin da ya canza shi ne wanda ke iko da ramin. Mai tsoron doka ya tattara ya tafi, wanda ya rage sai ya nemi kariya wurin mai bindiga, ya riƙa biyansa kaso. Da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya zo ɗage haramcin bayan fiye da shekara biyar, shi da kansa ya yarda cewa haramcin ya bar giɓin da masu haƙa ta haramtacciyar hanya suka cike.

GASKIYAR MASU CEWA A KORA

Kada a ce na raina tsoron mutane. Ni ma ina da dangi a sansanin gudun hijira a Anka. Makamai suna shigowa ta iyaka, musamman tun bayan rushewar Libiya a 2011. Lakurawa da suka kafa sansani a Tangaza da Gudu, suka kashe mutane a Mera ta jihar Kebbi a Nuwambar 2024, ta iyaka suka shigo. Zinarenmu yana fita ba haraji ba lissafi. Matashin Bagega da ya ga baƙo ya zo ya karɓi rabin kuɗin da shi zai nema a yini, yana da hujjar jin haushi. Kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ke cikinta.

Amma mu yi wa kanmu adalci. Sanarwar awa 48 mai sauraron rediyo take kora. Wanda ke daji da bindiga ba ya jiran wa'adi. Manyan 'yan ta'addan da ake kiran sunayensu kullum, irin su Bello Turji, a nan aka haife su. Sannan dokar ma'adinai ta 2007 ta keɓe lasisin ƙaramar haƙa ga 'yan Najeriya da ƙungiyoyinsu da kamfanonin da aka yi wa rajista a nan. Ke nan duk baƙon da ka gani a rami, akwai ɗan gida da ya kawo shi, ya nuna masa wuri, yake cin riba a kansa. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma shi ɗan garin ya fi son baƙon ya zauna ba takarda, don wanda ba shi da takarda ba ya kai ƙara, ba ya musun lada, in rami ya rufta da shi ba mai tambaya. Wannan arhar ce take karya ladan ɗan gida.

ABIN DA KAKANNINMU KE YI

Kafin zuwan fasfo muna da tsari. Baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi wurin mai unguwa. Kowane falke yana da fatoma, mai masaukin da zai karɓe shi, ya ajiye kayansa, ya tsaya masa a ciniki, in ya yi ɓarna shi za a fara kira. Akwai Sarkin Zango, akwai Sarkin Baƙi a wasu garuruwa. Baba Ɗan Gwanja a ƙarƙashin irin wannan tsari ya zauna a Kumasi. Tambayar da suke yi ita ce: wa ya san ka, wa ya tsaya maka?

Gwamnatin tarayya ta taɓa kusantar wannan. A watan Yulin 2019 aka ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, tare da afuwar wata shida ga marasa takarda su fito a rubuta su. Tunani ne mai kyau. Sai dai wanda ke rami a dajin Sunke, wanda wata uku kafin nan aka ce masa ya fita cikin awa 48, ta yaya zai ɗauki ƙafa ya tafi Gusau ya ce ga ni? Wasu ƙasashe ma sun bi ta nan: Amurka a 1986, zamanin Reagan, ta halatta zaman mutum wajen miliyan 2.7, ta kuma sa hukunci kan mai ɗaukar marar takarda aiki. Ɓangaren hukuncin ne bai yi ƙarfi ba, shi ya sa har yau suna cikin gardamar. Darasi ne gare mu: rajista ba tare da kama mai ɗaukar aiki ba, rabin aiki ce.

Ga abin da nake gani, a matsayina na ƙaramin ma'aikaci da ya ɗan ga yadda takarda ke tafiya a ofis.

Na ɗaya, a raba mutane kashi uku, a daina yi musu kuɗin goro. Wanda ya daɗe ya yi iyali, a ba shi takardar zama. Ɗan ci-rani da lebura, a ba shi kati mai hoto na wa'adi, wanda ya nuna inda yake aiki da wanda ya tsaya masa. Mai bindiga da mai safarar zinare da makamai, wannan aikin jami'an tsaro da kotu ne, ko ɗan ina ne.

Na biyu, rajistar ta je inda mutane suke, a fadar hakimi da bakin wurin haƙa, da sa hannun mai unguwa. Shige da fice da ma'adinai duka a hannun gwamnatin tarayya suke, gwamna ko sarki ba ya ba da izini, amma ba wanda ya san baƙon gari kamar mai unguwa.

Na uku, nauyi ya hau kan mai rami. Duk wanda aka samu da lebura marar kati, lasisinsa ne zai amsa. Lada kuma ya zama ɗaya ga baƙo da ɗan gida, don kada a yi amfani da wani a karya wani.

Na san abin da za ku ce: katin zai zama sabuwar hanyar karɓar na-goro a shingen hanya. Wallahi tsoron nan ni ma ina da shi. Shi ya sa ya kamata ya zama kyauta ko kuɗi kaɗan da aka sanar a rediyo kowa ya ji. Amma ko yanzu ana karɓa, kuma marar takarda ya fi kowa biya.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kamar da har sai an sake sanarwa. Wato matsayin maƙwabtanmu da ke cikinmu yanzu a kan alfarma yake rataye. Gara a tsara shi da sanyin rai, kafin wata rana a wayi gari da sanarwar mako biyu.

Kafin na rufe, mu tuna muna da namu a waje. Akwai gidaje da yawa a Gummi da Anka da Bukkuyum da tukunyarsu ke ɗoruwa da kuɗin wani ɗa ko wata 'ya da ke takari a Makka ko Jidda, ko wanda ke Agadas, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinare na wasu ƙasashe. In Saudiyya ta yi afuwa, kamar yadda ta yi a 2013 da 2017, murna muke yi. In aka kwaso su a jirgi aka sauke a Kano da leda ɗaya a hannu, kuka muke yi muna cewa an wulaƙanta bayin Allah. Abin da muke roƙa wa namu a can, shi ake roƙonmu a nan.

Malam, abokina, na san za ka karanta wannan. Ban ce ba ka da hujja ba, kuma na san abin da aka yi wa ƙauyenku. Cewa na yi an ba da kwana 14 a 1969, an ba da mako biyu a 1983, an sake a 1985, an ba da awa 48 a 2019, kuma ga inda muke. Wanda yake da wata hujja daga tarihi da ta nuna kora ta kawo aikin yi ko zaman lafiya, ya kawo ta, zan karanta, in na gamsu zan faɗa. A dai yi cikin mutunci, ban da zagi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da Zamfara da Najeriya da Nijar lafiya. Amin.